Dabarar Aku Wajen Sa Yara Karatu

Koya wa yaro karatu aiki ne guda, sa shi ya so karatu kuwa wani aiki ne dabam. Na farkon an san hanyarsa. A kan nuna masa baƙaƙe da wasula, ya haɗa su su zama gaɓoɓi, gaɓoɓi su zama kalmomi, a yi ta maimaitawa har bakinsa ya saba. Na biyun shi ne mai wuya, gama ba a yinsa da tsawa, ba a kuma sanin an yi shi sai ran da aka ga yaro ya ɗauki littafi da kansa, ba wanda ya sa shi. Duk wanda ya fito ajin Yaƙi da Jahilci ya san abin da ya kan biyo baya in aiki na biyun bai samu ba. Mutum ya karɓi takardar shaida, ya koma gida, ya shekara biyu bai buɗe littafi ba, sai ya tarar baƙaƙen da ya sha wahalar koyo sun fara ɓace masa. Haka abin ya ke ga yaran makaranta.

Saboda wannan ne makarantu da ma'aikatun ilmi su kan ƙago shirye-shirye iri iri don jawo yara ga littafi, kamar gasar karatu, da ranar littafi, da ƙungiyar masu karatu, da laburare. Waɗansu su kan yi amfani, waɗansu kuwa ba su wuce ranar bikin buɗewa. Galibi abin da ya raba su yana wajen masu tafiyar da su ne. Hanya mafi sauƙi ta gane haka ita ce a ɗauki shiri guda wanda aka san farkonsa da ƙarshensa, a auna shi, sa'an nan a gwada waɗanda suka biyo bayansa da shi. Shirin da ya fi dacewa da wannan awo shi ne wanda aka yi ta yi a Zariya har zuwa 1959, wanda ya haifi littafin nan Magana Jari Ce.

Asalin Shirin

Sa'ad da aka fara makarantun boko a Arewa, tun daga wadda Hans Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909, wahalar da ta fara bayyana ita ce rashin abin karantawa. Ƙasar tana da malamai da littattafan Larabci da waƙoƙin ajami tun da daɗewa, amma abin da aka rubuta da baƙaƙen boko bai taka kara ya karya ba. Cikin 1929 aka kafa Hukumar Fassara, ta shiga juya littattafai daga Larabci da Turanci zuwa Hausa. Daga cikin aikinta akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka tattara daga tsofaffin rubuce-rubucen tarihi. Littafi ne mai daraja, har yau masu bincike suna komawa gare shi. Amma fa yaro ɗan shekara goma ba zai hana idonsa barci saboda jerin sarakuna da yawan shekarun da ko wannensu ya yi ba.

Wanda ya lura da wannan giɓi shi ne Dokta R. M. East, shugaban hukumar, wadda aka mai da ita Hukumar Talifi cikin 1933. A wannan shekara ya zaga manyan garuruwa, ya tara malamai, ya roƙe su su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, a yi gasa. Bai sami abin da sauƙi ba, domin malamai da yawa suna ganin ƙaga labari aikin tatsuniya ne, na mata da yara, bai kamaci mai ilmi ba. Duk da haka aka sami littattafai biyar da aka fara bugawa daga 1934, watau Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Uku na farkon duk malaman makaranta ne a lokacin. Wannan shi ne abin yabo na fari ga shirin: shugabansa ya gane cewa abin da yara suka rasa labari ne mai daɗi, ya kuma tafi nemansa wurin mutanen da ke tsayawa gaban yara ko wace safiya.

Yadda Aka Yi Magana Jari Ce

Cikin 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina, aka kawo shi Zariya, aka sauke masa nauyin aji har wata shida, aka tara masa littattafan labarai na ƙasashe dabam dabam, aka ce ya rubuta wa makarantu abin karantawa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939, da labarai fiye da 80 a ciki. Ya kamata masu shirya irin wannan aiki su lura da waɗannan watanni shida. Da an bar shi ya riƙa rubutu da dare bayan ya gama gyaran aikin yara, da wuya a sami abin da aka samu.

Akwai masu rage darajar littafin da cewa yawancin labaransa aro ne, waɗansu daga Dare Dubu da Ɗaya, waɗansu daga tatsuniyoyin Turai, shi kansa tsarin aku mai ba da labari kuma daga tsofaffin littattafan Hindu da Farisa ya samo asali. Gaskiya ne aro ne, ba a kuma taɓa ɓoye haka ba. Amma mai wannan suka ya manta da wanda aka rubuta littafin dominsa. Imam ya tuɓe wa labaran nan kayan ƙasarsu, ya sa musu riga da rawani. Yaron Kano ko na Katsina da ya buɗe littafin, sarki da waziri da dogarai ya ke tararwa, da alƙali da fatake da ɓarayin kasuwa, suna magana irin wadda ya saba ji a zaure, da karin magana da ba'a da zagin wasa. Ba ya cin karo da kalmar da za ta tsai da shi sai ya nemi malami. Ga wanda bai daɗe da iya haɗa baƙi ba, wannan ba ƙaramin taimako ba ne, domin ko wane tuntuɓe da ya yi a shafin farko yana iya sa shi rufe littafin.

Babban abin lura a littafin shi ne labarin da ya ɗaure sauran labaran. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida, ya yi umurni kada ya fita. Waziri kuwa maci amana ne, yana ƙulla makirci don a fitar da yaron a hallaka shi. Musa ya ƙudura sai ya fita. Macen aku ta hana shi kai tsaye, ya fusata ya kashe ta. Da ya zo wurin namijin, sai shi ya ƙi yin gardama da shi. Ya nuna kamar ya yarda, ya jefa wata magana da za ta sa Musa ya tambayi asalinta, sa'an nan ya kama labari, kafin a ƙare gari ya waye. Haka aka yi ta yi dare bayan dare har Sarki ya komo, aka naɗa aku Waziri.

Ko da Imam ya nufi haka ko bai nufa ba, wannan labari ya ƙunshi dukan abin da mai shirin karatu ke bukatar sani. Aku ba shi da ƙarfin da zai tsare ƙofa. Gaskiyar da ke bakinsa ita ce wadda ke bakin matarsa, amma ita ta faɗe ta da umurni, shi ya naɗe ta cikin labari. Bai taɓa cewa Musa ya zauna ya saurara don amfanin kansa ba, sai ya bar yaron shi ne ke roƙon a ci gaba. Malamin makaranta ma haka ya ke. Yana da ikon ya sa yaro ya buɗe shafi kaza cikin aji, amma da an kaɗa ƙararrawar tashi ikonsa ya ƙare, sai abin da ya bari a zuciyar yaron na son jin yadda labari ya ƙare.

Tsarin littafin ya bi wannan dabara. Labaran littafi na ɗaya gajeru ne, ana gama ko wanne a zama guda, saboda haka mai rauni ma yana samun daɗin cewa ya kai ƙarshen wani abu. Gargaɗin da ke cikinsu ya kan zo ne bayan an yi dariya. A littafi na biyu aka haɗa Waziri Aku gasar labarai da Haziƙ, akun Sarkin Sirika, a na uku kuma yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana, a cikinsu kuma a kan tarar da labarai masu tsawo da nauyi fiye da na farko. Watau littafin yana girma tare da mai karanta shi.

Matakala Da Abin Da Ke Bayanta

Abin yabo na biyu ga shirin shi ne ba a bar littafi guda shi kaɗai ba. A ƙasa akwai ƙananan littattafan nan da sunayensu ma suka bayyana nufinsu: Ka Koyi Karatu, da Ka Ƙara Karatu, da Ka Yi Ta Karatu. A sama akwai littattafan gasar 1933, da Ikon Allah wanda East da Imam suka rubuta game da halittu. Ga wanda ya bar makaranta kuma, cikin Janairu 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa, wadda ke kawo sabon abin karantawa a kai a kai. Cikin 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur ta Zariya don aikin ɗab'i.

Sa'ad da aka ɗaura Yaƙi da Jahilci, sai hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, ta faɗaɗa wannan hanya. Ta buga ƙananan littattafai masu araha da yawa, ta kuma fitar da jaridun larduna, kamar Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zazzau, da Zumunta ta Bauci. Hikimar wannan a fili ta ke. Mutum ya fi ɗokin karanta labarin kasuwar garinsu da naɗin hakiminsu bisa ga labarin wata ƙasa da bai taɓa gani ba.

Inda Shirin Ya Gaza

Ba a cika awo sai an faɗi aibi. Na ɗaya, shirin ya isa ga 'yan kaɗan ne ƙwarai, domin makarantun boko na wancan zamani kaɗan ne, yawancin yaran da ke cikinsu kuma maza ne. Marubutan gasar 1933 duka maza ne, wannan kuwa ya nuna a cikin labaran. A Magana Jari Ce sau da yawa mace ta kan fito ne a matsayin mai makirci, ko sakarya, ko kyautar da a ke ba jarumi in ya ci nasara. Yarinyar da ke karanta shi za ta sha dariya kamar kowa, amma da wuya ta tarar da wadda za ta so ta zama kamarta.

Na biyu, aikin ya taru a gari guda da hannun mutane ƙalilan. Abin da ya dace da ra'ayin ofishin Zariya shi a ke bugawa, kuma daga can sai an yi fama kafin littafi ya kai ƙauyen da ke nesa da hanyar mota. Na uku shi ne ya fi muni. NORLA ta dogara ne ga kuɗin gwamnati, cinikin littattafai masu araha kuwa bai isa ya riƙe ta ba. Da aka rufe ta cikin 1959 sai aikin ya koma Kamfanin Gaskiya, daga baya kuma cikin 1966 aka kafa kamfanin NNPC tare da Macmillan, wanda ya ci gaba da buga tsofaffin littattafan. Darasin da ke nan shi ne, ƙirƙiro shiri ya fi riƙe shi sauƙi. Littafi kaya ne mai tsufa, yana yagewa, yana ɓacewa, yaran da suka gama shi kuma suna bukatar wani. Shirin da bai tanadi kuɗin mayar da gurbi ko wace shekara ba ya riga ya sa wa kansa ranar mutuwa.

Rijiya Ta Ba Da Ruwa

Cikin 1976 aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda littattafai za su iya wadatarwa. Daga nan abu biyu suka sami littafin labari a makarantu da yawa. Na farko, ya zama littafin jarrabawa. Malami ya kan karanta shi kaɗai, ya rubuta taƙaitawa a allo, yara su kwafa su haddace sunayen mutanen ciki. Yaro yana iya cin jarrabawa a kan Ruwan Bagaja bai taɓa yin dariyar abin da ya gudana tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba. An mai da aku macen aku ke nan.

Na biyu, littafi ya koma kabad. Sau da yawa a kan kawo wa makaranta littattafai, a yi biki, a ɗauki hoto, sa'an nan a kulle su a ofishin hedimasta, gara da ɓeraye su riga yara karantawa. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Amma kafin a zargi hedimasta ya kamata a tambayi abin da ya sa ya kulle. An ƙidaya masa littattafan ne kamar yadda a ke ƙidaya kujeru, ya sa hannu, ya kuma san ran da masu duba makarantu suka zo, abin da za su tambaya shi ne ko adadin ya cika. Ba ya tsammanin a tambaye shi yara nawa suka karanta. Duk wanda aka yi wa irin wannan awo, kulle kabad shi ne hankali a gare shi. Laifin na masu tsara awon ne.

Gasar karatu ma, yadda a ke yinta a wurare da yawa, tana da irin wannan aibi. A kan zaɓi yara biyu ko uku waɗanda da ma sun fi kowa iyawa, a yi ta horar da su mako da mako, a kai su babban gari su ciwo kofi. Sauran yaran ajin ba su ƙaru da kome ba, sai dai sun ƙara tabbata cewa karatu na su wane ne. Gasar 1933 ta yi amfani ne domin marubuta aka haɗa, amfanin kuma ya koma ga dukan yara.

Shaida Daga Kasuwar Kano

A kan ji ana cewa yaran yanzu ba su son karatu. Abin da ya faru a Kano daga shekarun 1980 ya ƙaryata wannan. Ba da taimakon wata hukuma ba, samari da mata suka shiga rubuta littattafan soyayya da na zaman aure, suna bugawa da kuɗinsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kwikwiyo Ne cikin 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna cikin 1991, ga kuma su Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da waɗansu masu yawa. Masu shaguna suka riƙa ba da hayar littattafan, gidajen rediyo suna karanta su, 'yan mata suna miƙa wa juna har bango ya fita. A kan raba labari kashi kashi, a tsaya daidai inda ya fi daɗi, mai karatu ya koma neman na gaba. Dabarar aku ce sak, kuma ta cike giɓin da shirin Zariya ya bari, gama a nan mata ne da yawa ke rubutu, mata ne kuma ke karantawa.

Ba dukan littattafan nan ne suka dace da yara ba, iyayen da suka damu kuma suna da hujja. Amma amsar da aka bayar cikin 2007, sa'ad da hukumomin Jihar Kano suka ƙone littattafan da aka ƙwace daga hannun ɗalibai a bainar jama'a, amsar macen aku ce. Yarinyar da ke ɓoye littafi a ƙarƙashin matashi ta riga ta sami abin da shirye-shiryen karatu ke kashe kuɗi suna nema. Aikin malami shi ne ya karanta littattafan da kansa, ya ware nagari, ya sa su inda za ta samu, ya kuma ɗora mata waɗansu a kai.

Shirye-shiryen Baya Bayan Nan

Wani gwaji da aka yi a jihohin Bauci da Sakkwato cikin 2011 ya nuna mafi yawan yaran aji 3 na firamare ba su iya karanta ko kalma guda ta Hausa ba. Inda abin ya kai haka, maganar son karatu sai ta jira, domin ba a son abin da ba a iya ba. Wannan ne ya sa daga 2015 aka zo da shirin Mu Karanta a waɗannan jihohi biyu da taimakon kuɗin Amurka, da shirin RANA a Katsina da Zamfara da taimakon kuɗin Ingila. Sun yi abubuwan da suka kamata. Sun fara da Hausa, harshen da yaro ya zo da shi daga gida. Sun ba yara littafi a hannu, sun ba malami jagora mai bayyana darasi daki daki, sun kuma aika masu bi su ga yadda ya ke koyarwa.

Sai dai akwai abu biyu da ya kamata a faɗa game da irinsu. Ma'auninsu shi ne yawan kalmomin da yaro ke karantawa daidai cikin minti guda. Wannan awo ne mai kyau ga aikin farko, amma ba ya faɗin kome game da na biyu. Sa'an nan kuma shirye-shirye ne masu wa'adi, kuɗinsu daga waje ya ke. Da wa'adi ya cika, nauyin sake buga littattafai da horar da sababbin malamai ya kan koma kan jiha, watau daidai wurin da NORLA ta yi tuntuɓe.

Abin Da Ya Rage Ga Mai Riƙe Da Makaranta

Hedimastan da ke son yaransa su yi karatu ba ya bukatar jiran babban gini. Akwatin ƙarfe guda a ko wane aji, da littattafai talatin ko arba'in a ciki, ya fi laburaren da ke kulle amfani. A ba monita mabuɗi da ɗan littafin rajista, ya riƙa rubuta wanda ya ara da ranar da ya mayar. A cakuɗa masu sauƙi da masu nauyi, na Hausa su fi yawa a ƙananan azuzuwa, a kuma tabbata akwai waɗanda jarumansu mata ne. In zango ya ƙare, azuzuwa su yi musayar akwatuna. Tsofaffin littattafan Zariya suna da wuri a ciki har yanzu, gama da tsohuwar zuma a ke magani, amma kada su zama su kaɗai.

A keɓe lokaci sananne ko wace rana, ko da minti goma sha biyar ne, wanda ba a taɓa shi don shara ko wani aiki. A cikinsa malami ya karanta wa yara labari da murya mai rai, ya tsaya inda ya fi daɗi, ya ajiye littafin inda hannunsu zai kai. Kada a bi wannan lokaci da jarrabawa ko bulala. A bar yara su tafi da littafi gida, a kuma yarda tun farko cewa waɗansu za su yage, waɗansu su ɓace, a sa kuɗin mayar da su cikin kasafin ko wace shekara tare da kuɗin alli. Tarar da ta yi tsanani ba ta koya wa yaro kula da littafi, sai dai ta hana ɗan talaka aro.

Masu duba makarantu su ma sai sun sake tambayarsu. In suka tarar da littattafai sababbi ful bayan shekara guda, to, wannan ne abin tuhuma. Abin da ya kamata su buɗe shi ne rajistar aro, su ga sunaye nawa ne a ciki, ko sunayen nan biyar ne ke ta maimaituwa, ko akwai 'yan mata, sa'an nan su kira yaro daga bencin baya ya faɗi labarin da ya karanta a makon.

Iyaye kuma, musamman waɗanda suka koyi karatu da girmansu, suna da rabo babba a wannan aiki. Uban da ke zama bayan sallar isha'i ya ce ɗansa ya karanta masa shafi biyu, ko uwar da ke karɓar littafin 'yarta ta karanta mata na gaba, sun yi wa makaranta rabin aikinta, sun kuma tsare nasu karatun daga ɓacewa. A taron iyaye da malamai suna da ikon su tambayi inda littattafan da aka kawo su ke, da wanda ke riƙe da mabuɗi, da ranar da yara ke zuwa da su gida. In an amsa musu da rajista mai cike da sunaye da littattafan da suka sha hannu, to, shirin makarantar nan yana tafiya daidai.